RUMFA SHA SHIRGI: ZAUREN BAHAUSHE A SABO TA YABA

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san gida ba ya amsa sunansa sai da zaure. A zaure ake yin sallama, a nan maigida yake cin tuwon dare da maƙwabtansa, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, in baƙo ya sauka kuwa a nan ake shimfiɗa masa tabarma, shi bai ga cikin gida ba, matan gida kuma ba su takura ba. To, amma Bahaushen da neman abinci ya kai shi Ikko, watau Legas, wani irin gari ya tarar dabam. Yawancin gidajen haya dogaye ne, ɗaki yana fuskantar ɗaki, da siririn lungu a tsakani, irin waɗanda mutanen garin suka yi wa laƙabi da ka-dube-ni-in-dube-ka. Babu zaure, babu soro, babu shigifa. Fili kuwa ya yi tsadar da ba mai yarda ya ɓata ɗaki guda a kan zaman hira alhali ga mai haya tsaye da kuɗinsa a hannu.

Abin da ya tsaya a madadin zaure shi ne rumfa. Wanda ya ratsa Sabo ta Yaba bayan La'asar, ya bar hayaniyar titin Herbert Macaulay ya kutsa cikin unguwa, zai ga rumfuna a ƙofar gidaje da gefen masallatai, wata ta kwano, wata ta tamfol, wata an kafa ta da katako mai kyau an shafe ta da fenti. A ƙarƙashinsu dattawa suna kan buzu, ga butoci a jere, ga mai shayi a gefe, ga yaro yana zagayawa da faranti na goro. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba da Obalende. A nan ake sasanta masu rigima, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, a nan kuma saurayin da ya sauko daga motar Arewa da ƙunshin kayansa yake fara zama kafin a san gidan da za a kai shi.

Wannan zama ba na jiya ba ne. Tun a 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, sojan Hausawa kuma suna cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Amma abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne jirgin ƙasa. An buɗe hanyarsa daga Ikko zuwa Ibadan a 1901, ta isa Kano a 1911. Daga nan shanu suka riƙa gangarowa Kurmi, goro yana hawa Arewa. Ƙasar Agege ta karɓi goro, ga tasha a bakin gari, saboda haka fatake suka yi sansani a wurin har ya zama gari. Yaba kuwa gwamnati ce ta yanka ta fili-fili bayan annobar da ɓeraye suka kawo cikin tsibirin Ikko a 1924, wadda ta sa aka kafa hukumar gyaran gari a 1928 domin a rage cunkoso.

Cinikin goro da na shanu duka a kan amana suke tafiya, amanar kuwa tana hannun fatoma, watau maigidan da ke saukar da baƙo, ya ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in mai saye ya ci bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969. Abin da ya nuna shi ne, ƙarfin fatoma yana ga yawan ɗakunan saukar baƙinsa da yawan mutanen da ke taruwa a ƙofarsa. Ashe ke nan rumfa ba wurin shan iska kaɗai ba ce. Ita ce ofishin maigida, ita ce kuma ma'aunin da ake auna mutuncinsa da shi. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne. Amma a garin da ruwa kan kwana yana zuba, fuskar ma tana bukatar rufi a kanta.

A zamanin nan waɗanda Allah ya buɗa wa, suka mallaki gida da ɗan fili a baya, sun shiga gina rumfar ƙawa a cikin lambu. Iri biyu ake yi. Akwai mai cikakken rufi, wadda ake zama a cikinta ko ana ruwa. Akwai kuma wadda ake jera sanduna kawai a samanta a bar tsiro mai yaɗo ya hau ya rufe, wadda Turawa ke kira fagola, kalmar da suka aro daga mutanen Italiya, inda ake ɗora inabi a kan irinta. Masu zanen gidaje suna kawo ta kamar wani sabon abu daga Turai, har su ƙara mata kuɗi saboda sunan. Alhali kuwa duk wanda ya ga duma ko soso ya lulluɓe rumfar kara a ƙauyen Daura ya riga ya ga fagola, sunan ne kawai bai ji ba.

GINA TA IRIN NA GIDA BA YA YI A IKKO

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya gina rumfa a Ikko yadda ya ga ubansa yana ginawa a gida. A Arewa abin ba wuya. A sari dirkoki masu gwafa, a haƙa rami a kafa su, a gitta sanduna, a shimfiɗa kara ko zana, shi ke nan. Tana iya shekaru tana tsaye, gama wata bakwai na shekara ƙasa a bushe take ƙayau. In ana son abin da zai daɗe sai a nemi azara, wadda ake tsagawa daga gindin giginya, gara ba ta cika damunta ba. Da ita magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, suka ɗaure bakan gizon da har yau ake zuwa kallo. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kimanin ƙafa 6 sai da dabara, kuma ba a samunta a kasuwannin katako na Ikko.

A Ikko kuwa ruwan da ake yi a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. Yana farawa wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, sa'an nan ya komo a Satumba da Oktoba. Ko ba a ruwa iskar a jiƙe take, tana kuma ɗauke da gishirin teku mai cin ƙarfe. A wurare da yawa na Yaba da Ebute Metta, in aka haƙa rami kaɗan sai a tarar da ruwa. Itacen da aka binne gindinsa a irin wannan ƙasa maƙiya biyu ne ke jiransa, ruɓa da gara. Kuma daidai inda ƙasa ta haɗu da iska suke kama shi, domin a nan ne ake samun laima da iska tare. Sama tana nan lafiya lau da fentinta, gindi kuwa ya zama gari. Ranar da guguwa ta zo sai a ce ƙaddara ce.

Don haka magana ta farko ita ce ta katako. Shekaru da yawa duk kafintan da ke aiki a Yaba ba shi da nisa da kasuwa, gama Oko-Baba tana nan a Ebute Metta, a bakin ruwa. Wanda ya taɓa hawa Gadar Ikko ta Uku, wadda aka gama a 1990, zai tuna da gumaguman itatuwa birjik a kan ruwa da hayaƙin garin katako yana tashi. Daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ake ɗauro su kamar gado, a jawo su ta rafuka har Ikko, tafiyar kwanaki. Gobara ta sha cin wurin. Gwamnatin jiha ta gina wa masu injin tsaga wani sabon mazauni a Agbowa-Ikosi, can bayan Ikorodu, wanda aka sa wa suna Timberville, a 2024 kuma aka rushe rumfunan Oko-Baba. Akwai kuma kasuwar katako ta Amu a Mushin, wadda ita ma gobara ta yi wa mummunar ɓarna a Janairun 2020.

A kasuwa katako duk katako ne ga idon wanda bai sani ba, mai sayarwa kuwa ba aikinsa ba ne ya wayar da kan mai saye. Sarkinsu a aikin waje shi ne iroko, wanda Hausawa ke kira loko. Yana jure ruwa, gara ba ta son sa, yana kuma karɓar aiki. Bayansa akwai opepe, mai launin rawaya, da apa, ɗan'uwan kawo na Arewa. Akwai ekki, wanda don tauri da shi ake shimfiɗar hanyar jirgin ƙasa da matsayar jiragen ruwa. Ƙusa ba ta shigarsa sai an huda, kafintoci kuma ba su son sa don yana dakushe zarto. Waɗannan su ne na dirka. Madacin Kurmi da tik suna da kyau a sama inda ƙasa ba ta taɓa su. Amma obeche, wanda Yarabawa ke kira arere, da afara, farare ne marasa nauyi, na silin ne da akwati da aikin cikin ɗaki. Su suka fi araha, su ne kuma ake cusa wa baƙo. Wanda ya kafa dirkar obeche a ƙasar Yaba ya yi wa gara walima. Araha dai ba ta ado.

Ko a cikin irokon ma akwai abin lura. Zuciyar itacen, mai duhun launi, ita ce mai ƙarko. Farin da ke gefe kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya, ƙwaro yana cinye shi ya bar gari kamar na tuwo. Saboda haka a juya kowane katako a dubi fuskokinsa huɗu, wanda fari ya yi masa yawa a mayar. Sa'an nan a ɗaga shi a sa ido a tsawonsa kamar mai duban bindiga, a ga ko ya karkace.

Sai batun ɗanye da busasshe, wanda shi ne ya fi jawo faɗa tsakanin maigida da kafinta. Itacen da ya kwana cikin ruwa aka tsaga shi jiya a cike yake da ruwa. In aka yi aiki da shi haka, yana bushewa yana tsukewa, yana murɗewa, mahaɗai su saki, ƙusoshi su yi sako-sako. Maigida ya ce kafinta bai iya aiki ba, alhali shi ne ya matsa a gama kafin ranar suna. Abin da ya kamata shi ne a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa bisa duwatsu, a riƙa sa 'yan sanduna tsakanin jeri da jeri don iska ta ratsa, a bar shi makonni. Mai kauri ya fi daɗewa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu kan ɗan leƙo Ikko.

AWO DA KAFI

A kasuwa da inci ake kiran katako, tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo, tu-bai-sikis, tsawonsa kuma yawanci ƙafa 12 ne. Mai hankali yakan yanka rumfarsa daidai da wannan don kada ya yi asarar guntaye. Alal misali, rumfa mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 16 ta isa gidan mutum mai jama'a. Tana cin sahu 3 na mutum takwas-takwas in an tashi salla. Tun da kuwa ba makawa za a yi salla a cikinta, gara tun wajen awo a daidaita ta da alƙibla, wadda a Ikko take gabas maso arewa, don kada a zo ana karkata tabarmi har abada.

Wannan awo yana da wata fa'ida. In an kafa turaku huɗu an ja igiya, sai a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ƙetarenta. In faɗi 12 ne, tsawo 16, to tilas wannan ya zama ƙafa 20 cif, ta kowane ɓangare. In bai kai ba ko ya wuce, rumfar ta karkace tun ba a kafa ta ba, kuma sai an zo ɗora kwano abin zai fito fili. Tsohuwar dabara ce ta magina, ta 3 da 4 da 5, an ninka kowanne sau huɗu.

Dirkoki 6 ake kafawa, uku a kowane dogon gefe, tsakaninsu ƙafa 8. Kaurin kowace kada ya gaza inci 4 ta kowace fuska. In da hali inci 6 ya fi, ya kuma fi kyan gani. Ga inda aikin Ikko ya rabu da na gida: ba a binne dirka. Rami ake haƙawa mai zurfin ƙafa 2 ko fiye, har a sami ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a ɗaga shi ya fi ƙasa tsawo da kamar taƙi guda. Tun yana ɗanye a dasa ƙarfe mai baki biyu wanda maƙeri ko mai walda zai ƙera. In ya bushe sai a zaunar da dirka a cikin bakin ƙarfen, a huda a ɗaure da noti, a bar ɗan sarari a ƙarƙashinta yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ta haka gindinta yana shan iska, in gara ta tashi hawa kuma sai ta gina hanyarta ta ƙasa a bisa kankare, inda ido zai gan ta a kankare ta. Waɗansu sukan cusa dirkar cikin kankaren kanta, suna zaton sun tsare ta. Ba su tsare ta ba. Itace yana tsukewa, sai ɗan sarari ya buɗe, ruwa ya shiga ya rasa mafita, dirka ta zauna cikin ruwa kamar an jiƙa ta a kwano.

Tsawo daga daɓe zuwa gungumen da ke bisa dirkoki kada ya gaza ƙafa 8, gama kwano yana da zafi, in ya yi ƙasa sai rumfa ta zama tanda. Gungumen nan tu-bai-sikis biyu ake haɗawa. Kafintan kirki yakan ɗan fafe kan dirka ya zaunar da shi a ciki, yadda itace ne zai ɗauki itace, noti kuwa riƙewa kawai zai yi. Kafintan gaggawa sai ya manna shi a gefe ya buga ƙusa uku, nauyin rufi duka ya rataya a kan ƙusoshin da gishiri zai ci.

Akwai kuma wani ɗan guntun katako da masu gida da yawa kan ce a cire don wai yana ɓata ado, alhali shi ne ran rumfar. Shi ne wanda ake gittawa a karkace daga jikin dirka zuwa gungume, a kowace kusurwa, ta fuska biyu. Dalilinsa a fili yake. Abu mai kusurwa huɗu in aka tura shi sai ya kwanta, mai kusurwa uku kuwa ba ya kwantawa sai dai ya karye. Ɗaki yana da bango mai riƙe shi. Rumfa ba ta da kome sai waɗannan 'yan guntaye. Wanda yake shakka ya kama dirkar rumfar da ba ta da su ya girgiza, zai ji rufin duka yana amsawa.

Rufi kuma a ba shi gangare sosai, kamar tashin ƙafa 1 a kowace ƙafa 3, a kuma sako bakinsa ya wuce dirkoki da ƙafa 2, don feshi kada ya kai tabarma. Turawan jirgin ƙasa sun gane wannan tun da wuri. Gidan Jaekel da ke cikin unguwar ma'aikatan jirgi a Ebute Metta, wanda aka gina a 1898 aka kuma mai da shi gidan tarihi, baranda mai faɗi da rufi mai zurfin baki suna cikin abin da ya raya shi. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, amma guguwar farkon damina da ta ƙarshenta daga gabas take tasowa, ita ce kuma mai ɓarna. Ba danne rumfa take yi ba, shiga ƙarƙashinta take yi ta ɗaga ta kamar laima. Don haka kowane katakon rufi a ɗaure shi da siririn ƙarfe a jikin gungume, kada a dogara ga ƙusa kaɗai, ƙusoshin kuma su zama masu rufin tutiya waɗanda ba su saurin tsatsa. Tsohon rufin asbesto da ake cirewa daga gidaje ana sayarwa da araha, a guje shi. Ƙurarsa tana lalata huhu. In an shimfiɗa asabari a ƙarƙashin kwano, zafi zai ragu, ƙarar ruwa ma ta ragu, har a iya jin maganar juna.

Ita kuwa mai yaɗo ba ta bukatar kwano. Sanduna ake jerawa a sama, tsakaninsu kamar ƙafa 1, a miƙe su daga kudu zuwa arewa, domin rana tana ratsa su ne daga gabas zuwa yamma, sai su tare ta da hantsi da kuma la'asar. Masu son fure sukan dasa boganbiliya, amma tana da ƙaya, ba ta dace da gidan yara ba. Soso yana saurin rufewa, haka ma ganyen ugu da mutanen Kudu ke miya da shi, ga inuwa ga cefane. Sai dai a ja wa tsiron waya ya bi, kada a bar shi ya nannaɗe dirka, don yana riƙe laima. A kuma tuna ganye in ya sha ruwa nauyinsa ba kaɗan ba ne, kuma duhuwa gidan sauro ce.

Game da magani, yawancin kafintoci Solignum suke shafawa, waɗansu su gauraya shi da baƙin man mota don ya yi auki. Baƙin mai yana da wari, yana ɓata ƙasa, kuma babu abin da ya kai shi ɓata farar riga. Baƙon da ya jingina da dirka ranar Juma'a ba zai manta da gidan ba. A shafa magani kafin a haɗa, musamman a bakin da aka yanka da cikin mahaɗai, inda buroshi ba zai sake kaiwa ba.

Wanda yake ganin duk wannan tsanani ne, ya dubi abin da ya faru a Makoko, wadda ke nan ƙasar Yaba a bakin ruwa. A 2013 wani mai zanen gine-gine, Kunle Adeyemi, ya gina makaranta ta katako mai hawa uku, mai siffar kusurwa uku, tsawonta mita 10, tana yawo a bisa gangunan roba kimanin 250. Duniya ta yaba, har a 2016 aka ba shi lambar girma a birnin Benis na Italiya saboda irinta da ya kafa a can. Ba a yi wata guda ba, ranar 7 ga Yuni, 2016, ta Makoko ta rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, don an riga an kwashe yaran tun kafin nan. An yi ta gardama a kan mai laifi, amma kowa ya yarda cewa katakon ya shekara uku yana shan ruwa da iskar gishiri ba tare da gyaran da ya kamata ba. In aikin gwanaye ya zo ga haka, ina ga rumfar da aka buga cikin yini biyu?

Sauran magana ta hukuma ce da maƙwabta, kuma a nan ne talaka ya fi shan wuya. Dokar tsara birane ta Jihar Legas ta 2010 ta kafa hukumomin ba da izinin gini da kula da shi, cikinsu har da wadda ake kira LASBCA. Rumfar da ke cikin shingen gida, ba ta matse iyakar maƙwabci ba, ba ta cika jawo magana ba, ko da yake tambaya kafin a fara ta fi. Amma rumfar Sabo yawanci a ƙofar gida take, ƙofar gida kuwa a Ikko bakin titi ce, sau da yawa ma bisa kwata. Wadda ta hau kwata ko ta ci hanya, ranar da masu rusau suka zo ba a tambayar ko da iroko aka yi ta. Ga kuma ɗan haya, wanda zai kashe kuɗinsa a filin wani, shekara ta zagayo mai gida ya ƙara masa haya saboda gidan ya yi kyau. Maganin wannan shi ne a rubuta yarjejeniya gaban shaidu tun kafin a sayi ƙusa, a kuma haɗa rumfar da noti maimakon ƙusa, yadda in zama ya ƙare za a kwance ta a ɗora a mota. Ruwan rufi ma a san inda zai zuba. Indararon da ke zuba a tsakar gidan maƙwabci, musamman in maƙwabcin ɗan gari ne, ƙaramar magana ce da kan girma har ta kai gaban Sarkin Hausawa. Tukubar mai tsire kuwa, komai daɗin ƙamshinta, a ajiye ta nesa da dirka.

Katakon kirki yana ƙara wuya kowace shekara, wannan kuwa ba laifin 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Iroko yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara, ana kuma saransa fiye da yadda yake tsirowa. Dazuzzukan da suka ciyar da babbar masana'antar katako ta Sapele sun ja baya ƙwarai. Mutanen Arewa ma sun ga irin wannan da idonsu, sa'ad da aka yi ta kwashe madobiya daga Taraba da Adamawa da Kogi ana kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke sa wa cinikinsu ido daga 2017. Saboda haka kafintoci da yawa suka koma ga malaina da tik na gonakin gwamnati, irin na dajin Omo a Jihar Ogun, waɗansu masu gida kuma suka koma ga dirkar ƙarfe, ko kuwa su yi hayar kanofi ranar biki a kwashe shi da dare. Kanofi yana fid da mutum kunyar yini guda, amma ba a ajiye buzu a ƙarƙashinsa, baƙon da ya iso ranar Talata kuma ba zai same shi ba.

Wanda ya riga ya kafa tasa, aikin da ya rage masa kaɗan ne, sai dai ba a tsallake shi. Kowace shekara a cikin Maris, kafin guguwar farko, a zagaya da sifana a ƙara ɗaure notuna, gama katako ya tsuke da rani. A hau a dubi ƙusoshin kwano, a share ganyen da ya taru a indararo, a rage yaɗon da ya yi nauyi. Sa'an nan a ɗauki ƙusa mai tsini a tsuguna a gindin kowace dirka a soka. In ta tsaya, sai baɗi. In ta shige kamar an soka ta a dafaffen rogo, a tokare gungumen da wani itace, a kwance notin, a sauya dirkar a makon nan.